Man aksul ɗin gaba da farantin da ke ɓoye shi

Garejina a Kano yake, kuma yawancin motocin da ke hawa ramina Hilux ne: na 'yan kwangila, na manoman shinkafa a fadamun Haɗeja, da na ƙungiyoyin da ke shiga ƙauyuka. Kusan kowace an ɗaura mata farantin ƙarfe a ƙarƙashi, wanda muke kira gad, don kada dutse ko kututture ya fasa tukunyar baƙin mai. Farantin yana aikinsa, ban musa ba. Sai dai duk abin da ya rufe mantawa ake yi da shi, kuma aksul ɗin gaba, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba, shi ne ke fara shan wahalar.

Na baya ba ya ba mu ciwon kai wajen canza mai. A fili yake, sokit mai lamba 24 ya ishe ka, yaron da ya shekara a gareji ma zai iya.

Na gaba shi ne aikin. A Hilux samfurin Vigo da a Revo da ta biyo ta a 2015, a maƙale yake a ƙarƙashin inji, farantin kuma ya toshe hanyar hannu. Idan na kamfani ne, mara kauri, ka kwance 'yan kusoshi ya sauko. Amma wanda masu walda suka ƙera da ƙarfe mai kauri, sai an tokare shi da jak ko yara biyu sun tallafe, in ba haka ba a ƙirjin mutum zai sauka. Kawunan kusoshin kuma duwatsu sun gama lashe su, sufana ba ta kama komai. Akwai mai waldar da don ya huta sai ya liƙa farantin a jikin shasi gaba ɗaya. Wannan sai an yanka, kuma ina faɗa wa mai mota kuɗin yankan kafin in taɓa.

A nan gardama ke tashi. "Malam, ni fa ko sau ɗaya ban sa fowil (giyar jan tayoyi huɗu) ba bana, me zai cinye man gaba?" Sai in ce, "Ranka ya daɗe, a wannan samfurin tayoyin gaba na juya sandunan da ke shiga cikin aksul ɗin ko ka sa fowil ko ba ka sa ba. Ruwa kuma bai san da wannan lissafin naka ba." Aksul yana da ɗan hancin shan iska a samansa. Ya ɗauki zafi a hanya, ka tsunduma shi a rafi da damina, iskar cikinsa ta huce, sai ya zuƙo ruwa ta nan ko ta sil, wato robar da ke tare mai. Ranar da muka buɗe, man zai fito kamar shayi mai madara. Irin wannan ba ya jiran kilomita 40,000 da na saba ba masu hanyar ƙauye, ranar da aka gani ranar ake juyewa.

Dokar da nake fara koya wa kowane sabon yaro: murfin zubawa ake fara kwancewa, sannan na tsiyayewa. Na aksul ɗin gaba da alanki, wato makullin da ke shiga ramin kan murfin, mai lamba 10 ake kama su, kuma ramin kansu cike yake da busasshen taɓo. Idan ba a sa tsinke an ƙwaƙule ba, alankin zai shiga rabi, ya zame, ya cinye ramin. Ka tsiyaye mai, murfin zubawa na sama ya ƙi buɗuwa, to mota ta kwana a wurinka.

Muna so motar ta ɗan zaga tukuna don man ya saki, sannan ta tsaya daidai, ba a karkace ba. Murfin ƙasa yana da maganaɗisu. Baƙin gari mai laushi a kansa ba komai ba ne, cin yau da gobe ne. Amma idan na murza na ji ɓarɓashi yana sukar yatsa, sai in kira mai motar ya gani da idonsa, don haƙoran ciki ko boris sun fara tafiya, sabon mai ba zai dawo da su ba.

Mai kuwa man giya ne mai lambar GL-5, ba wani ba. Tsofaffin muna ba su 80W-90, Revo kuma 75W-85 littafinta ya ce. Idan aksul ɗin baya mai LSD ne, wato irin wanda ke rage wa taya ɗaya juyawa a banza idan ta samu santsi, nasa man daban yake, in aka yi masa na gama-gari zai riƙa gurnani a kwana. Ba na sayen na awo da ake ɗurawa a gorar ruwa, komai arharsa. Galan mai hatimi nake aikawa a sayo a Ƙofar Ruwa. Na gaba ba ya kai lita biyu, da famfon hannu muke tura shi har ya fara dawowa ta bakin ramin. Sabuwar washa a kowane murfi, ɗauri kuma da hankali, ba a sa bututu a ƙara wa sufana tsawo.

Kafin farantin ya koma sai an wanke shi. Taɓon da ke taruwa a kansa yana shanye ɗigon mai, mota ta yi wata da watanni tana yoyo ƙasa ba ta nuna ba. Kusoshin muna shafa musu giris. Idan kuma farantin na walda ne, nakan ce wa mai motar ya bari mu huda masa ƙofa daidai saitin murfin biyu, faɗin da hannu da alanki za su wuce, mu yi mata ɗan marufi mai kusa biyu. Masu gona sun fi saurin yarda, don su ne ke dawowa duk ƙarshen damina.