Ƙashin baya

Jiya na je asibiti a nan Makka, bayan mako biyu ina sallah a kan kujera. Likita ya ɗaga hoton bayana a gaban fitila, ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na ƙugu ne ya zamo yana danne jijiya, shi ya sa ciwon ke sauka har ɗan yatsan ƙafa. Ƙasusuwa 33 ne a jere, ashe ɗan abu guda ya isa ya kwantar da ƙato. Shekara da shekaru ina tura alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa, sahu 7, kusan kilomita 3, ban taɓa tunanin bayan nan zai yi ƙorafi ba.

Likitan yana ta cewa "amudul fiƙari", wato ƙashin baya da Larabci. Na tuna malaminmu ya taɓa gaya mana cewa faƙiri daga wannan tushen ya fito, wato wanda talauci ya karya wa baya. Mu kuma laka muka kama: in mutum ya yi sanyi mu ce jikinsa ba laka. Noma ƙashin bayan arziki, zuriya daga tsatso, mai taimakonka ya goya maka baya, wanda ya gaji da kai ya juya maka shi.

Da na koma gida Inna ta dube ni ta ce, "Kai ne fa ƙashin bayan gidan nan, ka kwanta." Na ce, "Inna, ai shi ne ya goce."

Masu rubuto mini jaje, don Allah ku riƙa sa wa ƙ ɗin nan lanƙwasarta. Ciwon ya ishe ni.