Ranar da aka kira ni Bature a bakin kogin Masakre

Taron bita kan noman shinkafa ne ya kai ni Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominikan, a farkon watan Disamba na 2022. Da aka tashi taron sai ya rage mini kwana uku kafin jirgina, ni kuwa ban iya zaman otal ba. Wani injiniyan ban-ruwa ɗan Birazil, mutumin jihar Bahiya, da muka saba a teburin cin abinci, ya ce zai haura arewa ya ga gonaki, daga nan ya leƙa kasuwar Dajabon ta kan iyakar ƙasar da Haiti, maƙwabciyar da suke tsibiri ɗaya, wadda ke ci Litinin da Juma'a. Ni Bakatsine ne, dangin mahaifiyata kuma 'yan Maraɗi. Wanda ya tashi yana ƙetare Jibiya da Ɗan Isa ba a yi masa tallar kasuwar kan iyaka sau biyu. Na ce a sa da ni.

Mun yi shatar mota ranar Alhamis da safe. Direban dattijo ne wankan tarwaɗa, mai raha. Da ya gan ni sai da ya ɗan yi jim, sannan ya tambayi Injiniya daga ina nake. Da ya ji Najeriya sai fuskarsa ta saki, ya miƙo hannu, ya ce in ajiye fasfo a aljihun gaba, kada in kuskura in sa shi cikin jaka. Na san dalili. Makonni uku kafin nan ofishin jakadancin Amurka ya gargaɗi Amurkawa masu duhun fata cewa ana iya tsare su a yi musu tambayoyi, saboda kamen 'yan Haiti da ake yi a ƙasar.

Tun kafin mu bar gari rigimar harshe ta fara. Injiniya yana magana da harshen Fotugal yana yayyafa masa Sifaniyanci, Direba yana cewa a maimaita. Injiniya ya juyo gare ni da Turanci yana mita, wai shi yana gane kusan duk abin da Direba ke faɗa, amma Direba ba ya gane nasa, kuma duk inda ɗan Birazil ya je a yankin nan sai a ɗauka Sifaniyanci ne harshensa. Ya ce su mutum sama da miliyan 200 ne, ba reshen kowa ba ne. Direba ya rama da cewa 'yan Birazil ta hanci suke magana kamar masu mura. Injiniya ya ce ai gara mura da yunwa, tun da 'yan Dominikan cinye harafin “s” suke yi a ƙarshen kowace kalma. Aka yi dariya. Irin wasan Katsinawa da Nufawa ne, ba wanda ya riƙe wani a zuci.

Titin Duwarte muka bi, ta Bonawo da La Bega zuwa Santiyago, fadamun shinkafa hagu da dama, kore shar. Bayan Santiyago ƙasa ta fara bushewa, ga ƙaya, ga awaki, har na ji kamar hanyar Daura nake. A wani gidan abinci aka kawo mana shinkafa da wake, sannan aka kawo wani abu daban a faranti da alfahari, wai konkon. Na duba, ashe ƙanzo ne. Abin da muke bar wa yara a gindin tukunya, nan sai an yi sa'a ake samu.

Da sunan Haiti ya shigo hirar, wasa ya ƙare. Direba ya ce in kirga: daga 1822 zuwa 1844, shekara 22, Haiti na mulkin tsibirin gaba ɗaya. Ranar 27 ga Fabrairu da suke bikin 'yancin kai, daga hannun maƙwabci suka ƙwace shi, ba daga Turawa ba. Ya kawo zancen 1805, lokacin da sojojin Desalin, shugaban Haiti na farko, suka kashe mutane a Moka da Santiyago. Yana faɗa kamar jiya aka yi. Sannan ya sauko kan yau: an kashe shugaban Haiti a gidansa a Yulin 2021, 'yan daba sun mamaye Fotofirins, babban birnin Haiti, ƙasarsu kuma ba mai arziki ba ce da za ta ɗauki nauyin mutum miliyan 11 na maƙwabta. Ya ce da aka yi girgizar ƙasa ta 2010 su suka fara kai agaji, amma duniya ba ta tuna wannan. Ban yi masa musu ba, don akwai gaskiya a ciki. Abin da bai faɗa ba shi ne waɗanda muka riƙa wucewa a gonakin ayaba da wuraren gini, kusan duk 'yan Haiti ne.

Juma'a da hantsi muna bakin gada aka buɗe ƙofa. Wallahi na sha ganin cunkoso, amma wannan daban ne. Mutane suka kwararo a guje, mata da ƙullin gwanjo a ka, samari da baro, kowa na neman ya riga wani kama wuri. Suna kawo gwanjo da takalma da tafarnuwa, suna komawa da ƙwai da kaji da taliya da agada. A ƙarƙashin gadar kogin Masakre ne, ruwan ko gwiwa bai kai ba, mata na wanki a ɗaya gaɓar, ta garin Wanamint. Direba ya ce nan kusa ake gina katangar da Shugaba Abinader ya aza harsashinta a Fabrairun shekarar. Hatta agogo bai yarda ba: nan ƙarfe 8, tsallaken ruwa ƙarfe 7.

A rumfar takalma muka gamu da wanda ya cika mu huɗu. Saurayi ne ɗan Haiti cikin rigar ƙwallon Birazil, ruwan ɗorawa. Ya ji Injiniya na ciniki da gurguwar Sifaniyancinsa, sai ya amsa masa da harshen Fotugal tiryan-tiryan. Injiniya ya saki baki. Ashe shekara biyar yaron ya yi a wata mayankar kaji a jihar Santa Katarina. Yana cikin dubban 'yan Haiti da suka tafi can bayan girgizar ƙasa, musamman da Birazil ta buɗe musu bizar jinƙai a 2012. Da kuɗin ƙasar ya karye, abin da yake aikowa gida ya zama ba a bakin komai ba, sai ya dawo. Ya yi wa Direba Sifaniyanci, ya yi mini Faransanci, ya juya ya tsawata wa ƙaninsa da Kiriyol, harshen mutanen Haiti. Harshe huɗu a bakin mai sayar da gwanjon takalma. Direbanmu, da yake ce wa Kiriyol gwaranci, ɗaya gare shi.

Ƙanin ne ya nuna ni da baki ya ce wa yayansa wani abu, na tsinci kalmar “blan” a ciki. A Faransancin da na koya a Maraɗi, farar fata ke nan. Na dubi hannuna, na dubi nasa, na fi shi baƙi. Mai takalma ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a Kiriyol duk baƙo “blan” ne ko da ya kai gawayi baƙi, kamar yadda “neg” ke nufin mutum kawai. Jiya a hanya ana yi mini kallon ɗan Haiti, yau 'yan Haiti sun mai da ni Bature. Na ce to, Allah Ya sa mu dace.

Ƙarfe 11 za a take wasan Birazil da Kuroshiya a gasar cin kofin duniya ta Katar, saboda haka ya bar wa ƙaninsa rumfa ya ja mu wani kantin kayan masarufi mai talabijin. Wurin ya cika da 'yan Haiti, yawanci cikin ruwan ɗorawa, 'yan kaɗan cikin shuɗi da fari na Ajantina suna jiran a yi abin kunya. Mai kantin ɗan Dominikan ne, ko kallon akwatin ba ya yi. Su besbol ne wasansu, ƙwallon ƙafa kuwa abin maƙwabta ne.

Injiniya ya ga ƙasarsa a jikin mutane, sai kai ya kumbura. Ya fara ba da labarin wasan zaman lafiya na Agustan 2004, da su Ronaldo da Ronaldinyo suka je Fotofirins aka zaga da su gari a kan motocin sulke, aka ci Haiti 6 da nema amma jama'a na ta murna. Ya ce ɗan'uwansa na cikin sojojin Birazil da suka jagoranci rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Haiti daga 2004 zuwa 2017, kuma yara kan bi su suna cewa “bon bagay”, wato abin kirki.

Wani tsoho a bayanmu, da mai takalma ya fassara masa, sai ya yi kukan akuya. Kantin ya ɗauki dariya. Mai takalma ya ɗan ji nauyi, amma ya bayyana: ɓarayin awaki ake kiran sojojin rundunar. Ya ce mutanen unguwar Site Solel ba su manta da samamen 2005 ba, sannan ga kwalarar 2010 da ta fito daga sansanin rundunar ta kashe kusan mutum 10,000, ko da yake wannan ba sojojin Birazil ba ne. “Ɗan'uwa,” in ji shi, “rigar muke so, ba kakin ba.” Injiniya ya ce su ma sojoji 18 suka rasa a girgizar ƙasa. Ya ƙara da cewa aƙalla a Birazil ba a tare mutum a hanya don launin fatarsa, ba kamar nan ba. Wannan ne kuskurensa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mai takalma ya tambaye shi ko ya taɓa shiga motar haya a kudancin ƙasarsu da irin fatarmu, kujerar kusa da shi ta zauna babu kowa. Ya ce su sun kori masu bautar da su tun 1804, Birazil sai 1888 ta saki nata bayin, ita ce ta ƙarshe a nahiyar. Direba, da aka ɗan sauke masa kaya, har da tafi.

Ni dai na tsoma baki sau ɗaya. Na ce wa Injiniya a Bahiyarsu an kai Hausawa bayi, har sun shirya tawaye a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka yi boren 1835 a Salbado. Ya san na 1835, bai san akwai jikokin mutanen a raye da sunansu ba. Ya daɗe yana kallona.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ba ci, na tambayi asalin sunan kogin, tun da Masakre na nufin kisan kiyashi. Direba ya yi sauri ya ce tsohon suna ne, tun wani kashe-kashe tsakanin Sifaniyawa da Faransawa a 1728. Gaskiya ne. Mai takalma ya ce haka ne, amma kogin ya sake cin sunansa a Oktoban 1937, da Turuhiyo, mai mulkin kama-karya na Dominikan a lokacin, ya ba sojoji umarnin kashe 'yan Haiti mazauna kan iyaka, yawanci da adda. Ana ƙiyasta mutum 12,000 zuwa 20,000, wasu na cewa sun fi haka. Da yawansu nan aka haife su, ba a bambance su da maƙwabtansu a ido. Labarin da ake bayarwa shi ne a ɗaga wa mutum ganyen faski a ce ya faɗi sunansa da Sifaniyanci, “perehil”. Mai Kiriyol ba ya iya kaɗa harshe a kan “r”, daga maƙogwaro take fito masa. Ya ce in gwada. Bahaushe da ke da “r” iri biyu a bakinsa, ta “rana” da ta “tara” ta lissafi, wannan ba aiki ba ne. Na faɗa. Ya ce na tsira. Shi ma ya faɗa, tsaf, babu tangarɗa. Ya ce kakarsa har ta rasu ba ta iya ba, shi ya sa ta matsa wa jikokinta su koya.

Direba ya yi shiru, sannan ya ce a garinsu akwai gidajen da suka ɓoye mutane a rumbu lokacin, kuma Turuhiyo nasu ma bai bari ba. Ya ce shi kansa Turuhiyo kakarsa ta wajen uwa jinin Haiti ce. Mai takalma ya ce ya sani. Ya so ya kawo hukuncin kotun Dominikan na 2013 da ya ƙwace wa 'ya'yan baƙin haure shaidar zama 'yan ƙasa har zuwa haihuwar 1929, amma aka dawo wasa, zancen ya bi ruwa.

Sauran kun sani. Neymar ya ci a ƙarin lokaci, kantin ya kusa rushewa, tsohon nan mai kukan akuya ya rungume Injiniya yana sumbatar ƙeyarsa. Minti na 117 Kuroshiya ta farke. A bugun fenariti mai tsaron gida ya tare ta Rodrigo, ta Markinyos ta bugi turke. Na ga ƙato da gemu yana kuka wiwi saboda ƙasar da bai taɓa takawa ba. Injiniya ne ma ke ba mutane haƙuri. 'Yan Ajantina suka fita titi suna buga murfin tukunya, mai kanti kuwa ya canza tasha ya ƙure kiɗan bacata.

Babu masallacin da na sani a Dajabon, sai na yi azahar da la'asar ƙasaru a bayan mota, wasu yara na leƙe. Na sayi takalmi ƙafa ɗaya wurin mutumina, bai rage mini ko sisi ba, wai Bature ba ya neman ragi.

Washegari muka kamo hanya. Kafin Santiyago shingen sojoji biyar na kirga. A kowanne, sojan zai leƙo, idonsa ya tsallake Direba, ya tsallake Injiniya, ya sauka a kaina. A na uku akwai wata bas a gefe, an sauke mutum huɗu suna zaune a ƙasa, cikinsu har da wata mata da kwandon ƙwai a cinya. Sojan ya yi mini magana da sauri, ban gane ba. Kafin in zaro fasfo Direba ya ce masa baƙonsa ne, ɗan Afirka, masanin shinkafa. Sojan ya juya koren littafin gaba da baya, ya nemi in faɗi sunan ƙasar da bakina. Na faɗa. Ya miƙo mini, ya buga rufin mota.

Mun yi tafiyar kusan kilomita goma ba wanda ya ce uffan. Can Injiniya ya tambaya da gurguwar Sifaniyancinsa ko akwai inda za mu sami ƙanzo a gaba, Direba ya ce a maimaita.