Kwalba mai allura goma ta rikita mana lissafin rabon rigakafi

Lokacin annobar korona aka ba mu aikin lissafa yadda za a raba allurar rigakafi, alhali ba za ta ishi kowa ba. Mun ɗora aikin kan tsohon tsarin lissafin yaɗuwar cuta na masana Kermack da McKendrick na 1927, wanda ya kasa jama'a gida uku: masu iya kamuwa, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke. Muka ƙara rukunin shekaru, amsa ta fito ba gardama: in rage mace-mace ake so, a fara da waɗanda suka haura shekara 60.

Inda aka yi ta ta ƙare shi ne kwalba. Kwamfuta ta ce a watsa allurar zuwa ƙananan cibiyoyi masu yawa don kowa ya samu kusa da gida. A takarda abin gwanin sha'awa. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta duba jadawalin, ta tambaye mu wa zai huda kwalba saboda mutum uku. Kwalbar rigakafin kamfanin AstraZeneca da aka fi rabawa allurar mutum goma ce, kuma da zarar an huda ta aka ajiye a waje da firij, sai a ƙarar da ita cikin awa shida. Mutum uku suka zo, bakwai sun tafi shara. In kuma ma'aikaciya ta ƙi buɗewa sai an cika goma, tsohon da ya gaji da zaman benci ya tafi gida, da wuya ya dawo.

Har yau abin yana ci mini rai. Lissafin irin wannan yana ɗaukar allura kamar ruwan famfo, a ɗebi iya yadda ake so. Ga kuma wa'adin lalacewa: a watan Mayun 2021 Malawi ta ƙona allura kusan 20,000 da wa'adinsu ya ƙare.

Da muka sa kwalba ta zama ma'auni, muka kuma bar adadin masu zuwa kullum yana hawa da sauka, amsar ta juya. Cibiyoyi kaɗan, ranaku ƙayyadaddu, da sunayen mutanen da za a kira da yamma in allura ta yi saura. Duk wanda zai taɓa wannan aiki, kafin ya rubuta layin lissafi ɗaya, ya je ya zauna wuni guda kusa da akwatin sanyi, ya ƙirga kwalba nawa aka huda da mutum nawa aka yi wa.