Daga Birnin Kebbi zuwa Yawuri a tsohuwar Fijo

Motar da na yi wannan tafiya da ita Fijo 504 ce, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, kuma ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Ta daɗe a jibge a ƙofar gida, tayoyinta sun sace, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofinta, kafin na ƙudiri aniyar tayar da ita. Aka sauke inji aka sake ringi da gasket, aka wanke kafireta, mai walda ya toshe inda ya huje, mai fenti kuma ya mayar mata da farin launinta na asali. Da yake zagaye cikin gari ba ya nuna lafiyar mota, sai na yanke shawarar gwada ta a hanyar Yawuri, inda nake da 'yan uwa.

Mun tashi bayan sallar asuba ni da ƙanena, muka wuce Kalgo, muka ratsa Jega tun kasuwa ba ta cika ba, inji yana kuka daidai, giya tana shiga ba gardama. Sai da muka bar Maiyama a baya, rana ta ɗaga, na lura allurar zafi tana hawa. Na gangara gefen hanya na kashe mota, da muka ɗaga bonet sai ga ruwa yana tsiyaya daga ƙarƙashin famfon ruwa, fanka kuma tana girgiza idan an taɓa ta. Abin ya sosa mini rai matuƙa, domin famfon sabo ne fil, a cikin kwalinsa na saye shi, da hoton zaki, tambarin Fijo, a jiki. Muka jira inji ya huce, muka cika lagireto da ruwan jarka, muka riƙa lallaɓawa muna tsayawa muna ƙarawa har muka isa Koko.

A Koko aka nuna mana wani dattijon bakanike da ya ƙware a kan Fijo. Ya kwance famfon, ya juya shi da yatsa kusa da kunnena, na ji boris ɗinsa yana ƙara kamar an zuba masa yashi, robar da ke tare ruwa kuma ta riga ta tsage. Sai ya ciro wani tsohon famfo daga gawar wata Fijo da ke bayan rumfarsa, ya ɗora mini su biyun a tafin hannu ya ce, "Alhaji, ka ji bambancin nauyi? Wannan jabu ne, kwalin kawai ka saya. Da kun matsa mata kaɗan, da gasket ɗin sama ya ƙone, da sai an sake sauke inji."

Ina ganin cutar da ke cikin jabun kayan gyara ta wuce asarar kuɗi. Bakaniken da ya ɗaura shi da zuciya ɗaya shi ake zargi da rashin iya aiki, mai tsohuwar mota kuma ya karaya ya ce motar ce ta gama yayi, alhali ƙarfe ɗaya ne maras inganci ya rushe aikin watanni. Namu ma da sauƙi tunda famfon ruwa ne, yana ba da alama kafin ya yi ɓarna. Jabun kayan birki ba ya yin wannan gargaɗi, ga hanyar cike da manyan motoci.

Dattijon ya wanke tsohon famfon, ya sa sabon gasket, ya ɗaure fanbel, muka kama hanya bayan azahar, allura ba ta sake motsawa daga inda take ba har muka shiga Yawuri. Washegari, kafin ma na leƙa bakin kogin Neja sayen kifi, na kai motar aka cire tayoyi huɗun aka duba birki, domin robobinsa a shago ɗaya na saye su da wancan famfo. Biyu daga cikin robobin an same su sun fara jiƙewa da man birki, aka sauya su.