Gardamar Wa Ya Fara

Laraba, da dare.

Yau ƙanena ya kayar da ni a gardama, kuma har yanzu abin yana ɗan ci mini rai, shi ya sa na kasa kwanciya sai na rubuta.

Da yamma ya shigo ya tarar da ni ina karatu a waya. Hira ta yi hira, na ce masa in dai ƙirƙire-ƙirƙire ake magana, Amurka ba ta da na biyu: kwan lantarki, jirgin sama, tarho, duk nata ne. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, zaɓi ɗaya a ciki." Na zaɓi tarho tunda shi ne a hannuna. Ashe ruwan dafa kaina na ɗebo.

Ya ce Alexander Graham Bell, wanda aka ba takardar mallakar fasahar a 1876, haifaffen Sukotland ne, ya zauna a Kanada, bai ma zama ɗan Amurka ba sai 1882. Kuma a ranar da aka shigar masa da takardu, 14 ga Fabrairu, wani mai ƙirƙira, Elisha Gray, shi ma ya kai nasa takardun ofishin rajistar. Italiyawa kuwa nasu gwanin Antonio Meucci ne. A 2002 majalisar wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin yaba aikin Meucci, bayan kwana goma majalisar Kanada ta mayar da martani cewa Bell ne dai ya ƙirƙiro. Na yi dariya har da buga ƙafa. Manyan mutane, da albashinsu, suna zaman majalisa a kan wa ya riga wa!

Na koma kan jirgin sama, ya ce in je Burazil in ambaci 'yan'uwan nan Wright da 1903, in ga ko ba za a tuna mini da ɗan ƙasarsu Santos-Dumont ba, wanda ya tashi da jirginsa a Faris a 1906 jama'a na kallo.

Da na ga uwar bari sai na sauya sheƙa. Na ce to duk su yi shiru, ai ba don Bagadaza ba da babu wanda ya ƙera komai. Na kawo Al-Khwarizmi da littafinsa na aljabara na wajajen 820. Wallahi sai da na ji ƙirjina ya buɗe, kamar kakana nake yabo.

"Yaya, ka san inda Khwarizm take?"

Na yi shiru. Ya ce yankin Uzbekistan ne na yanzu. Lambobin da mutumin ya yi bayani kuwa na Indiya ne, shi da kansa lissafin Indiyawa ya kira su, kuma tun 628 wani masanin Indiya, Brahmagupta, ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifili. Ita ma takardar da malaman Bagadaza ke rubutu a kai, sana'arta daga Sin ta taso.

Ba kayen ne ya dame ni ba. Ko minti goma ban yi da gama yi wa 'yan majalisar Kanada dariya ba, sai ga ni ina tunƙaho da mutumin da ko garinsu ban sani ba.

Ɗazu dai na kasa haƙuri, na tura masa saƙo: "Kwan lantarkin fa? Shi kam na Edison ne." Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amso: "Joseph Swan, Ingila. Ka kwanta, Yaya."