Ƙarfe Nawa, A Agogon Wa? Abin Da Na Koya Wajen Tsara Gasar Wasannin Intanet

Aikin tsara jadawalin wasa a ƙungiyarmu ya faɗo hannuna ne saboda babu wanda yake marmarinsa. Wasan da muke yi na haɗin gwiwa ne, irin wanda rashin mutum ɗaya yake hana sauran farawa, kuma 'yan ƙungiyar a warwatse suke: wasu a gabashin Amurka, wasu a Ingila da Jamus, wasu a Afirka ta Yamma, akwai na Indiya, akwai kuma wani a birnin Sydney na Ostareliya. Na tarar da ƙa'ida guda a ƙasa, wato ana haɗuwa kowace Asabar da ƙarfe 2:00 na rana agogon New York, domin wanda ya kafa ƙungiyar a can yake zaune.

A watannin hunturun Turai da Amurka wannan ƙa'ida ba ta ba kowa wahala ba. Ƙarfe 2:00 na New York shi ne 7:00 na dare a Landan, 8:00 a Berlin da kuma Najeriya da Nijar, 12:30 na dare a Indiya, sannan 6:00 na safiyar Lahadi a Sydney. Abin da na lura da shi daga baya shi ne babu mai sake wannan lissafi kowane mako. Kowa ya yi shi sau ɗaya ranar da ya shigo ƙungiyar, ya haddace adadin da ya fito masa, ya manta cewa daga agogon wata ƙasa aka ciro shi.

Sai watan Maris ya zo, Amurka ta matsar da agogonta gaba da awa ɗaya. Asabar ɗin da ta biyo baya muna da karawa da wata ƙungiya a cikin wata gasa. 'Yan wasanmu na Amurka suka hau da ƙarfe 2:00 kamar kullum, suka zauna a ɗakin hira na murya suna jira, suna aika saƙo ɗaya bayan ɗaya suna tambayar inda muka shige. Mu kuwa da ke sauran ƙasashe, a lissafinmu saura awa guda cur, wani yana hanya, wani yana barci da ƙararrawar wayarsa a saite. Kafin mu hallara, ɗan lokacin jiran da dokar gasar ta ware ya cika, an ba abokan karawarmu nasara ba tare da an buga ba. Da aka zauna neman mai laifi, sai aka rasa shi, domin babu wanda ya makara a agogon da ke hannunsa.

Daga nan na zauna na karanci dokokin sauya agogo da kyau, kuma a nan na gane cewa matsalar ba ta awa ɗaya ba ce kawai. Jamus ce ta fara wannan tsari a faɗin ƙasa a shekarar 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da nufin rage ƙona gawayin kwal, kuma ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya ba su cika damuwa da shi ba tunda tsawon yininsu ba ya sauyawa sosai a shekara. Ƙasashen da suke binsa kuwa ba rana ɗaya suke sauyawa ba. Tun 2007 Amurka tana matsar da agogo gaba a Lahadi ta biyu ta watan Maris, ta mayar da shi baya a Lahadi ta farko ta Nuwamba. Birtaniya da Tarayyar Turai suna yin nasu a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Saboda haka akwai makonni biyu ko uku a watan Maris, da mako guda a ƙarshen Oktoba, da tazarar New York da Landan take komawa awa 4 maimakon 5. A 2023 Amurka ta sauya ranar 12 ga Maris, Turai ranar 26. A 2024 kuwa ranar 10 da ranar 31 ne. Ma'anar wannan ga jadawalinmu ita ce na Landan zai hau da 6:00 na 'yan makonni sannan ya koma 7:00, alhali na Afirka ta Yamma da na Indiya, waɗanda agogonsu bai motsa ba, za su ci gaba da hawa da wuri har zuwa Nuwamba.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne na Sydney, saboda a kudancin duniya lokutan shekara a juye suke. Can ana matsar da agogo gaba a Lahadi ta farko ta Oktoba, a mayar da shi baya a Lahadi ta farko ta Afrilu. Lokacinsa ya tashi daga 6:00 na safe zuwa 5:00 sa'ad da Amurka ta sauya, sannan ya sake komawa 4:00 na asuba sa'ad da garinsu ya sauya, duk a cikin wata guda. Bai yi ƙorafi ba. Ya rubuto cikin ladabi cewa zai huta har ƙarshen zango, kuma ban ga laifinsa ba.

Gyaran farko da na gwada shi ne rubuta jerin lokutan kowa a cikin sanarwa, kowanne da gajerun haruffan agogonsa. Wannan ya rage ruɗani kaɗan, amma ya haifar da wani, domin haruffan nan ba abin dogara ba ne. Amurkawa da yawa suna rubuta EST, wato agogon gabashin Amurka na hunturu, duk shekara, alhali a watannin da aka matsar da agogo EDT, wato na bazara, ake nufi, kuma manhajar lissafin lokaci tana ɗaukar abin da aka rubuta mata ne, ba abin da ke ran mai rubutu ba. CST yana iya zama agogon tsakiyar Amurka ko na ƙasar Sin, tsakaninsu awa 14. IST na Indiya ne, na Isra'ila ne, kuma na Ireland ne. Mafi yaudara a cikinsu shi ne GMT, domin mutane suna ɗaukarsa a matsayin agogon Landan, alhali daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Landan tana gaba da GMT da awa ɗaya. Sunan ƙasa ma bai wadatar ba. Yawancin jihar Arizona da jihar Hawaii ba sa sauya agogo ko da yake a Amurka suke, kuma mutumin Brisbane da na Sydney agogonsu ɗaya ne rabin shekara, a sauran rabin kuwa awa ɗaya ce tsakaninsu, saboda jihar Queensland ba ta bin tsarin. Tun daga lokacin, duk sabon ɗan wasa sunan babban birnin da yake bin agogonsa nake tambayarsa.

Na kuma daina amincewa da tazarar da na haddace, saboda gwamnatoci ne ke yanke waɗannan dokoki kuma suna sake shawara. Rasha ta daina sauyin kowace shekara a 2011, Turkiyya a 2016, Brazil ta soke sauyin a 2019, yawancin Meziko a 2022, Masar kuwa ta dawo da shi a 2023. Maroko ta riƙa mayar da agogonta baya da awa ɗaya a watan Ramadan, wanda ranakunsa suke matsawa kowace shekara. A Maris na 2023 gwamnatin Lebanon ta ɗage sauyin ana saura 'yan kwanaki, wasu hukumomi suka bi, wasu suka ƙi, ƙasar ta yi kwanaki da agogo biyu kafin a janye matakin. Wayoyi da kwamfutoci suna samun waɗannan dokoki ne daga wata taskar bayanai da hukumar IANA take kula da ita, wadda take kiran kowane yanki da sunan nahiya da birni, kamar Europe/London ko Africa/Lagos. Idan aka zaɓi irin wannan suna a kalanda, ita za ta lissafa sauyin da kanta. Idan kuwa adadin awanni aka rubuta da hannu, a nan zai tsaya ko da duniya ta motsa.

Abin da ya kawar da yawancin kurakuran lissafi a wurinmu shi ne wata dabara ta Discord, inda muke hira. Ana rubuta lokacin a matsayin adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun farkon ranar 1 ga Janairu, 1970 a agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, wanda a aikace daidai yake da GMT, a saka shi cikin wata 'yar alama, sai manhajar ta nuna wa kowane mai karatu rana da awa a agogon na'urarsa. Akwai ma siffar da take nuna saura awa kaza, tana raguwa da kanta. Duk da haka sai da ta kusa jawo mana wata asarar, domin wani ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura wa abokinsa da ke wata nahiya, hoton kuwa lokacin mai wayar yake ɗauke da shi. Dole na ƙara layi a ƙasan kowace sanarwa cewa a tura mahaɗin saƙon, kada a tura hotonsa.

To amma babu wata manhaja da za ta amsa ainihin tambayar, wato agogon wa za a ɗaure taron mako-mako da shi. Ga mutanen da ke nahiyoyi daban-daban babu wani lokaci da zai tsaya cak ga kowa duk shekara. Idan aka ɗaure shi da New York, sauran duniya ce za ta riƙa matsawa. Idan aka ɗaure shi da UTC, wanda ba ya sauyawa, masu sauya agogo ne za su ga lokacinsu ya motsa. Kamfanonin wasanni ma kowanne ya zaɓi nasa: EVE Online yana tafiyar da komai da agogon UTC tunda 'yan wasansa duka a duniyar wasa guda ɗaya suke haɗuwa, Pokémon GO kuwa yakan sa manyan ranakunsa a agogon kowane gari, domin a waje ake yin sa kuma ba sai kowa ya fara tare ba.

Mun yi muhawara mai tsawo. Hujjar Amurkawanmu tana da ƙarfi, domin aikinsu da makarantar 'ya'yansu duk agogon bango suke bi, idan wasa ya koma 3:00 ya ci musu yammacin Asabar. Ni dai na tsaya a kan UTC, kuma har yanzu ina ganin shi ne adalci. Wanda ƙasarsa take sauya agogo yana da masu tuna masa: labarai suna faɗa, wayarsa tana sauyawa, kowa a kusa da shi yana maganar. Wanda yake ƙasar da ba a sauyawa kuwa babu abin da zai sanar da shi cewa wata majalisa a wata nahiya ta matsar masa da lokacin wasa. Ban da haka, yawancin ƙasashen duniya ba sa sauya agogo. Da ƙungiyar kusan duka a yanki ɗaya take, da zan ba da shawarar a bi agogon yankin, a riƙa sanar da 'yan tsirarun da ke waje. Mun tsayar da 19:00 UTC, wanda ya mayar da na Sydney tsakanin 5:00 da 6:00, ya dawo. Na nemi a ƙara masa awa guda, sai na ga na Indiya zai fara wasa da 1:30 na dare. Abin kamar gajeren mayafi ne, ka rufe kai ƙafa ta fito, don haka muka bar shi a haka.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma kowanne ya taɓa sa wani ya rasa wasa. Ina rubuta lokaci da tsarin awa 24, kuma ba na sa komai da ƙarfe 12:00 na dare daidai, saboda mutane suna rabuwa biyu a kan ko daren farkon ranar ake nufi ko na ƙarshenta. Ina rubuta wata da sunansa, domin 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurin Bature ɗan Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Ina ambata a fili cewa Asabar ɗinmu Lahadi ce ga na Indiya da na Ostareliya. Gasa mai tsawo wadda za ta ratsa daren sauyin agogo kuwa ina kauce mata gaba ɗaya, tunda a Amurka babu ƙarfe 2:30 a daren sauyin Maris, a daren sauyin Nuwamba kuma 1:30 sau biyu yake zuwa.

Ana ta maganar soke tsarin. Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar daina sauya agogo a 2019, amma ƙasashen ba su aiwatar ba, kuma Majalisar Dattawan Amurka ta amince da wani ƙuduri makamancin haka a 2022 wanda bai zama doka ba. Saboda haka a farkon kowace shekara nakan buɗe kalanda in yi wa Lahadi shida alama, biyu na Amurka, biyu na Turai, biyu na Ostareliya. A makon da ya gabaci kowacce ina aika saƙo ga waɗanda abin ya shafa kaɗai, in ambaci sunayensu, in rubuta musu tsohon lokacinsu da sabon, sannan in nemi kowannensu ya amsa cewa ya gani kafin ranar Juma'a.