Talata, 24 ga Disamba: Rigar Sanyin Abba

Ƙarfe sha ɗaya na dare ta gota, kowa a gidan nan ya yi barci, ni kuwa ina zaune da bargo a kafaɗa ina kallon wata 'yar roba mai ruwan ɗorawa da aka bari a bakin ƙofar kicin tun da hantsi. Robar almajirinmu ce. A shekara biyun da ya yi yana zuwa gidan nan bai taɓa tafiya ya bar ta ba, kuma bai taɓa fashin zuwa karɓar tuwon dare ba sai yau, ni kuma na san dalili.

Safiyar ta fara da daɗi, duk da cewa sanyin ya kai inda ya kai. 'Yan uwanmu na Kano sukan ce sun san hunturu, sai sun kwana ɗaya a Jos, a kan wannan tudu da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, sannan su nemi a ƙara musu bargo. Tun ranar da aka ba da hutun zangon farko 'yata Ummi ta ɗauke wa kowa hidimar surukata Hajiya ba tare da an sa ta ba. Kafin kiran assalatu ta hura gawayi a kurfoti, ta ɗora ruwa, ta sirka shi a buta ta kai mata na alwala, kuma bayan salla ta zauna ta ɗora ƙafafun tsohuwar a cinyarta tana cusa man kaɗe a cikin fason da sanyi ya tsaga mata a dunduniya. Ina jiyo Hajiya daga ɗaki tana cewa kishiyarta na neman ta sangartar da ita ne domin ta ƙwace mata miji, Ummi kuma tana dariya tana cewa ta riƙe abinta, ba ta so.

Yau ce ranar fitar da kayan sanyi. Marigayi Alhaji ne ya kafa wannan al'ada, mu kuma muka tarar da ita muka ɗora: kowace shekara idan yara suka samu hutun Disamba sai a zazzage akwatuna, a ware abin da ya yi wa kowa kaɗan, a ƙara da abin da aka iya saya, a raba. Ranar Asabar ni da Abban Ummi muka shiga Katako wajen 'yan gwanjo, muka yi sa'a an fasa sabuwar dila a gabanmu, amma kuɗin da a da yake ɗauko mana riguna talatin bana goma sha biyu ya iya ɗaukowa da barguna huɗu, domin tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 gwanjon ma ya daina zama kayan talaka. Da hantsi muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana take faɗowa, muka kasa kayan kashi uku: na tsangayar bayan layi, na Baba maigadi, da na gidan marigayi maƙwabcinmu, inda aka bar mace ɗaya da yara biyar. Auta ce mai haɗa safa da 'yar uwarta, aikin da ta ɗauka da muhimmanci ƙwarai. Ina cikin nishaɗi, har ina ji a raina cewa gidan nan dai an yi tarbiyya.

Ina cikin ɗaure ƙullin gidan marigayin ne na ɗaga kai na hango almajirin yana fitowa daga zaure da tsintsiya a hannu, sanye da rigar sanyin Abba, shi kuma Abba yana biye da shi daga shi sai 'yar rigar barci.

Wannan rigar ba gwanjo ba ce. Sabuwa ce fil, a ledarta na saye ta a wani shago da ke titin Ahmadu Bello makonni uku da suka wuce, naira 21,000, bayan na yi ciniki har mai shagon ya ce mini albarka sau uku. Mai kauri ce, ruwan toka, mai dogon wuya, kuma na zaɓi wadda ta ɗan fi shi girma domin ta kai shi baɗi. Takalmin da na yi niyyar saya wa kaina na fasa saboda ita. Duk wannan lissafi ne ya taso mini lokaci guda, kuma kafin hankalina ya iso bakina ya riga ya tafi.

Na ce, "Abba, ina rigarka?"

Ya ce, "Mama, na ba shi."

Na ce, "Da izinin wa? Kai ka saya? Ga kaya can tuli an ware wa irinsu, sai sabuwar ce ta tsone maka ido?"

Kalmar nan ta "irinsu" ita ce ta hana ni barci. Ban san tana cikin bakina ba sai da na ji ta a waje, kuma na faɗe ta ne da ƙarfi, a gaban yaron, a gaban 'ya'yana, a gaban surukata. Yaron bai ce uffan ba. Ya jingine tsintsiyar a bango ya kama gindin rigar ya fara cirewa, wuyan kuwa da yake matsattse ne sai ya maƙale masa a ka, ya tsaya hannuwa a sama yana kokawa da ita, fuskarsa a rufe. A ƙarƙashinta babu komai sai wata 'yar shara da ta yage a hammata, fatar cikinsa ta yi furu-furu, haƙarƙarinsa kuma ana iya ƙirga su daga inda nake zaune. Da ya samu ya zare ta sai ya ninke ta da kyau, yadda ya ga ana ninke kaya a gidan nan, ya durƙusa ya miƙo mini da hannu biyu. Ban karɓa ba, ban kuma ce ya bar ta ba. Na tsaya kawai riƙe da bakin ƙullin da nake ɗaurewa.

Hajiya ce ta cece mu duka, kuma ta yi hakan ne ba tare da ta ɗaga murya ba, daga kan dardumarta inda take shan hantsi. Ta ce, "Ke uwar Ummi, maigidana ya yi kyauta kuma a ce za a karɓe? To ni matarsa ban yarda ba, kada a zubar mini da girman miji a unguwa." Ta faɗe shi cikin wasan nan na kaka da jika domin ta ba ni ƙofar fita, sannan ta juya ga yaron ta ce, "Almajiri, mayar da rigarka, taka ce." Ya mayar, ya ce Allah ya saka da alheri ba tare da ya dubi kowa ba, ya fice da sauri. Ko kokon da Ummi ta zuba masa bai sha ba.

Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne a zangon da muka gama ni da bakina na karantar da 'yan ajina aya ta 264 cikin Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum ɓata sadakarsa da gori da cutarwa, har na ba su aikin gida a kanta. Na kuma san hadisin da ya kamanta mai karɓe kyautarsa da kare mai komawa ga amansa. Mun daɗe muna taƙama cewa a gidanmu ba a ɗaukar hoton wanda aka bai wa sadaka, tun shekarar da ƙanin Abban Ummi ya so ya sa rabon a Facebook Hajiya ta ce ba a gidanta ba, kuma nakan yi wa masu yin hakan kallon waɗanda ba su san darajar mutum ba. Yau ga ni na sa yaro ya tuɓe riga a tsakar gida cikin wannan iska. Har yanzu dai ina nan a kan cewa ɗan shekara goma sha ɗaya bai kamata ya bayar da abin da aka sha wahala aka saya masa ba sai ya tambaya, kuma zan gaya masa haka ko gobe ne. Amma wannan magana ce ta cikin ɗaki tsakanina da ɗana, ba ta da alaƙa da yaron da aka ce masa ungo ya karɓa.

Bayan azahar Abban Ummi ya tafi Tudun Wada yanka wa Maman Tagwaye akuyarta ta Kirsimeti, kamar yadda yake yi duk shekara domin mu iya cin abin da za ta aiko mana gobe. Gida ɗaya suka zauna da Hajiya shekara da shekaru kafin rikicin Nuwamban 2008 ya raba unguwanni, kowa ya koma cikin nasa. Hajiya ta ba shi kwano biyu na shinkafa da galan ɗin man gyaɗa ya kai mata, ta kuma ja masa kunne ya dawo kafin magariba, domin ba ta manta cewa a irin wannan dare ne na 2010 bama-bamai suka tashi a Gada Biyu da Unguwar Rukuba ba. Ya dawo lafiya, da saƙon gaisuwa da buhun dankalin Turawa na Bokkos wanda ya fi abin da muka aika.

Ni kuwa na wuni ina ɗaga Abba a zuciyata. Ina tsinke alayyafo ina tuna aya ta 92 cikin Ali Imrana, cewa ba a samun nagarta sai an ciyar daga abin da ake so, ina cewa ashe yaron nan ya fi uwarsa. Har na fara tsara yadda zan ba shi haƙuri. Sai Ummi, wadda take tuƙa tuwo a gefena, ta kasa riƙe dariyarta ta ce, "Mama, wallahi Abba ya tsani rigar nan. Ya ce wuyanta yana yi masa ƙaiƙayi, kuma 'yan Islamiyyarsu suna ce masa tunkiya. Tun ranar da kika kawo ta yake neman yadda zai yi da ita."

Na ajiye wuƙar. Da farko dariya ta zo mini, daga baya haushi ya biyo, domin na ga an yi mini asarar naira 21,000, an sa na ji kunya gaban surukata, an kuma sa na wuni ina zargin kaina, duk a kan yaron da yake neman hanyar rabuwa da ƙaiƙayi. Da na kai wa Hajiya tuwonta na gaya mata, ina tsammanin za ta ce ashe ina da gaskiya. Ta gutsuri lomarta ta ce ta sani tun tuni, domin ita yake kai wa ƙara. Ta ce niyyar maigidanta tsakaninsa ne da Ubangijinsa, amma shi wancan yaron yau zai kwana da ɗumi, kuma da ta bari na karɓe rigar da babu wanda zai sa ta a cikinsu biyun.

Bayan isha'i na kira Abba ɗakina na tambaye shi gaskiyar magana. Bai musa ba. Ya ce rigar tana cizonsa, amma ba don haka kaɗai ba ne. Ya ce da safe ya je zaure ya tarar da yaron yana wanke kwanuka da ruwan sanyi, leɓensa yana rawa har ba ya iya amsa gaisuwa, kuma ya duba kayan da muka ware ya ga duk na manya ne ko na ƙananan yara, babu daidai shi. Wannan ma gaskiya ce, domin ni na zaɓo kayan a Katako, kuma ko sau ɗaya ban auna yaron da yake share mini gida kullum a raina ba. Na rasa wanne zan ɗora a ma'auni, ƙaiƙayin ko leɓen da ke rawa, shi ma Abba ban ga alamar ya san wanne ya fi nauyi a wajensa ba. Yana shirin fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mama, shi ma za ta yi masa ƙaiƙayi, ai ba shi da ta ciki." Ya je ya ɗauko wata rigarsa mai dogon hannu, mai laushi, wadda na san yana sonta ƙwarai, wannan karon kuma ya tsaya ya tambaye ni ko zai iya bayarwa.

Almajirai uku sun yi sallama a ƙofar gida da daddare, na leƙa duk sau ukun, babu shi a ciki. Ƙullin tsangayar ma bai tafi ba, domin shi ne zai ɗauka ya kai wa malaminsu. Abban Ummi ya ce kada na tsananta wa kaina, wataƙila ya samu tuwo a wani gida, ko kuma ɗumin rigar ya sa barci ya kwashe shi da wuri, ya kuma yi alkawarin zai biya ta tsangayar idan an idar da sallar asuba. Na roƙe shi kada ya ce wa malamin komai game da abin da ya faru, kada a ɗauka ƙarar yaron aka kawo. Ya ce masa kawai uwar ɗakinsa tana nemansa.

Na wanke robar, na zuba masa tuwonsa a kula na rufe, na ɗora rigar mai laushin a kai. Ban san yadda babbar mace take ba ɗan shekara goma haƙuri ba tare da ta ƙara ba shi kunya ba, kuma na gwada kalmomi iri-iri a raina babu wanda ya zauna. Gobe da safe abincin Maman Tagwaye zai iso, na gaya wa Ummi ta cire masa cinya ta ajiye kafin Auta ta gani.